Daren da na fassara wa Gwaggo "Masu Wucewa"

Tsawon wasan bai wuce minti 25 ba, amma mako uku cur ya cinye mini kafin in mayar da shi Hausa. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma a dogon hutun bara na shiga neman tsofaffin wasannin talabijin marasa kala, irin waɗanda ake magana a cikinsu a tsanake, don ɗalibaina su riƙa saba kunnensu da harshen. A nan na ci karo da The Twilight Zone, shirin da tashar CBS ta Amurka ta nuna daga 1959 zuwa 1964. Na kalli kashi-kashi da dama ina jin daɗi kawai. Da na zo kan wanda aka nuna ranar 6 ga Oktoba 1961, mai suna The Passersby, wanda na raɗa wa "Masu Wucewa", sai na kasa tashi daga kan kujera bayan ya ƙare. Ban tuna da ɗalibai ba ko kaɗan. Gwaggo na tuna.

Labarin a watan Afrilu na 1865 yake, a ƙarshen yaƙin basasar Amurka. Wata mata, Lavinia, tana zaune a barandar tanƙamemen gidanta da yaƙi ya lalata, ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi mai zafi ba, mijinta kuma an kashe shi a fagen daga. A gaban gidan akwai hanya, sojoji na ta wucewa a kanta dare da rana, da na ɓangarenta da na abokan gaba, duk a jigace, ba mai kula kowa. Wani saje na ɓangarenta mai ɗingishi ya ratse ya roƙe ta ruwa, ya zauna ƙarƙashin bishiya yana kaɗa 'yar jitarsa. Ta shaida masa cewa akwai bindiga a gidan, kuma ta yi niyyar sauke ta a kan wani daga cikin waɗanda suka kashe mata miji. Da dare sai ga wani hafsa na abokan gaba bisa doki, duhu ya rufe fuskarsa, shi ma ruwa yake nema. Sajen ya gane shi, shi ne mutumin da ya taɓa ceton ransa a filin yaƙi. Matar ta harbe shi, harbin bai yi masa komai ba. Da aka ɗaga fitila aka ga fuskarsa, sai sajen ya fahimci abin da mai kallo ya fara zargi tun da farko: duk masu bin hanyar nan matattu ne, har da shi kansa. Da safe mijin ya zo, ya gaya mata ita ma zazzaɓin nan bai bar ta ba. Ta ƙi yarda, ya wuce ya ce zai jira ta a gaba. Na ƙarshe a kan hanyar shi ne shugaba Abraham Lincoln, wanda aka harbe ranar 14 ga Afrilu ya cika washegari, kwana kaɗan bayan Janar Lee, babban kwamandan sojojin kudu, ya miƙa wuya a ƙauyen Appomattox. Ya yi mata magana a hankali, ta tashi da gudu ta bi mijinta.

Gwaggo yayar mahaifina ce. An yi mata auren fari da wani soja tana 'yar shekara 17, ba su cika shekara tare ba yaƙin basasarmu ya ɓarke a watan Yulin 1967. Yana cikin rundunar da ta yi yunƙurin ƙetare kogin Neja daga Asaba zuwa Anacha a watan Oktoban wannan shekara, yunƙurin da ya ci sojojin tarayya da yawa. Wani abokin aikinsa ne ya zo gida bayan watanni ya ce da idonsa ya ga jirgin da suke ciki ya kama da wuta. Ba gawa, ba kabari. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, daga baya ta sake aure, ta haifi 'ya'ya shida, yanzu har da tattaɓa kunne. Tun tasowata ban taɓa jin ta kama sunan mijin farko ba, "mai kakin nan" take cewa, shi ma sai in dole ta kama. Na ƙudura a raina zan nuna mata wasan. A lokacin na ɗauka alheri zan yi mata. Na yi tsammanin za ta ga wata mai irin ciwonta ta sauke nauyi, ita ma ta ji sanyi.

Na fara da rubutun fassara irin wanda ke bayyana a ƙasan allo. Na sauko da wata manhaja ta kyauta mai suna Subtitle Edit, na koyi ƙa'idar masu sana'ar: kada a wuce layi biyu a lokaci guda, kowane layi harafi 40 da 'yan kai, kuma kada rubutu ya daɗe a allo fiye da daƙiƙa shida ko bakwai. Nan na fara sanin cewa Hausa tana son fili. Abin da Bature zai faɗa da gajerun kalmomi huɗu, mu sai mun saka "ya", "ta", "ne", "ce" da ɗan "dai" da ke sa magana ta zauna. In na yanke su don layi ya isa, maganar ta koma ta tsohuwar wayar tangaraho, in na bar su kuma rubutun bai gama karantuwa ba mai maganar ya wuce. Sai na koma ina kashe sauti, ina kallon fuskar mai magana, ina tambayar kaina abin da Bahaushe zai ce in shi ne a wannan hali. Layukan da suka fito ta wannan hanya sun fi waɗanda na yi da ƙamus a gefe, nesa ba kusa ba.

Akwai kuma matsalar haruffa masu ƙugiya. Ranar da na fara gwada fayil ɗin a talabijin ta falo, duk inda ɓ, ɗ ko ƙ suke sai ga ɗan akwati babu komai ciki. Na adana shi a tsarin UTF-8 mai ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, kwamfuta ta karanta lafiya, talabijin ta ƙi, domin salon rubutun da ke cikinta bai san haruffanmu ba. A ƙarshe sai da na manna rubutun a jikin hoton gaba ɗaya. Wanda zai yi irin wannan aiki, ya gwada a na'urar da za a yi kallon tun a ranar farko, kada ya bari sai ya gama.

Amma wahalar gaske a kalmomi uku take.

Ta farko ita ce sunan da matar ke kiran abokan gaba da shi, Yankee, wato mutanen jihohin arewacin Amurka. Da na rubuta "ɗan Arewa" na karanta a bayyane, sai gabana ya faɗi. A kunnen Bahaushe, mace ta ce za ta harbe ɗan Arewa, to shi ake nufi. Na goge na sa "sojan gwamnati", na ga shi ma bai rage zafi ba, domin mai kakin nan sojan gwamnati ne. Na bar shi a "sojan gwamnati" saboda gaskiya ce, su ne ke yaƙin hana ƙasa rabuwa, amma ban tsaya na auna inda wannan zai kai mu ba.

Ta biyu, me zan kira Lavinia? "Bazawara" na ɗauke da ƙamshin mai jiran manema, kuma ba ta bambanta wadda aka saka da wadda aka mutu aka bari. "Mai takaba" kuma na da wa'adi, ranar fita na nan tafe. Matar nan takabarta ba ta da ranar fita, ta mayar da baranda ɗakin takaba ta zauna. Na ƙare a kan "matar mamaci".

Ta uku ita ce masu wucewar kansu. Na fara da "fatalwa", sai na ga wasan ya koma tatsuniyar tsorata yara. Ba su fito daga kabari don su firgita kowa ba, gajiyayyu ne masu neman masauki. A aƙidarmu kuwa mamaci ba ya yawo a titi, yana barzahu yana jiran tashin alkiyama, kuma na san Gwaggo ba za ta bar wannan ya wuce ba. Na zaɓi "waɗanda suka riga mu", na yi shirin gaya mata tun farko cewa misali ne mai labarin ya buga, ba wa'azi ba.

Tsakanin waɗannan makonni na karanta tarihin marubucin, Rod Serling, kuma abin da na karanta ya canza yadda nake jin muryar sajen. Serling sojan laima ne a yaƙin duniya na biyu, ya yi yaƙi a ƙasar Filifin, a tsibirin Leyte da kuma birnin Manila, an ji masa rauni, ya dawo gida da munanan mafarkai da suka bi shi shekara da shekaru. Ya rasu a 1975 yana da shekara 50. Sajen da ya rubuta ba ya ƙin kowa, ya gaji ne kawai. Na lura duk lokacin da matar ta hau maganar fansa, shi sai ya sassauta murya, irin ta wanda ya ga abin da harsashi ke yi wa jikin mutum da idonsa. Na sake fassara layukansa duka, na cire duk wata kalma mai kama da nasiha daga kan mumbari.

Na kuma ga abin da wasan ya yi shiru a kai, kuma har yau yana damuna. Yaƙin nan ya ci rayuka 620,000 a tsohon ƙiyasi, wasu masana na baya-bayan nan sun kai shi 750,000, kuma tushensa bauta ne. Mutum kusan miliyan 4 ne ke cikin ƙangin bauta a Amurka a 1860, jihohin kudu kuma sun ɓalle ne don kada a taɓa musu wannan tsari. Gida irin na Lavinia, da ginshiƙansa da gonakinsa, kowa ya san da gumin wa aka gina shi. Wasan bai ba waɗannan mutane bakin magana ba. An kuma nuna shi a 1961, shekarar da ake bikin cika shekara 100 da fara yaƙin, shekarar da a watan Mayunta aka ƙona motar safa ta masu fafutukar 'yancin baƙar fata a Anniston ta jihar Alabama. Sulhun da wasan ke nunawa na fararen kudu da fararen arewa ne. Ina son wasan, amma ba na yafe masa wannan giɓi.

Daren da na kai mata, bayan sallar isha'i ne. Na jona kwamfuta da talabijin ɗin ɗakinta, jikoki uku suka zauna a tabarma, ita tana kan gado ta jingina da filo, carbi a hannu. Minti biyu da farawa ta ce, "Kai ɗan nan, wannan rubutun da ke gudu a ƙasa wa ka yi wa?" Gwaggo tana karanta Alƙur'ani da ajami tiryan-tiryan, amma ba ta yi boko ba. Na san haka tun ina yaro, amma mako uku ina ƙirga haruffa ban tuna ba, domin hankalina na kan aikin, ba kan wadda zan yi wa aikin ba. Na rage sautin, na matso kusa da ita, na riƙa faɗin maganar kowa da bakina kamar yadda masu fassarar fina-finan Indiya ke yi. Da baki kuwa ba ƙa'idar harafi 40, sai na ji Hausar ta saki jiki, "dai" da "mana" da "wallahi" duk suka dawo mazauninsu.

Ba ta ce komai ba a kan matattu masu tafiya, abin da na fi jin tsoro. Da sajen ya roƙi ruwa aka ba shi, ta gyaɗa kai. Da mai dokin ya bayyana na ce, "Wannan sojan gwamnati ne, Gwaggo, shi ma ruwa yake roƙo," sai ta daina jan carbi. Da matar ta fito da bindiga, Gwaggo ta miƙe zaune ta ce, "Tsayar." Na tsayar, hoton ya daskare a kan inuwar mutum bisa doki.

"Ita matar, mutanenta ne suka ce za su ɓalle?"

Na ce, "Su ne."

"Shi kuma gwamnati ce ta turo shi."

Na ce haka ne.

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce, "Ashe mai kakin nan ne a kan dokin."

Mako uku ina ganin Gwaggo a jikin Lavinia, ita kuwa kallo ɗaya ta yi ta ga mijinta a bakin bindiga, ta ga matar da ke riƙe da bindigar tamkar wata mata ce a hayin kogin Neja wadda sojojinmu suka mayar matar mamaci. Na yi saurin gaya mata cewa kwatancin bai cika daidai ba, mutanen Lavinia don riƙe bayi suka ɓalle, mutanen Biyafara kuwa sun ɓalle ne bayan kisan da aka yi wa 'yan'uwansu a garuruwan Arewa a 1966. Ta ce ta sani, tana Sabon Gari ta wajen kawunta aka yi na Zariya, ta ga ana loda mutane a tashar jirgin ƙasa da ƙunshin kayansu a ka. Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Ta ce, "Inyamurai maƙwabtanmu ne, matar wani tela ita ta koya mini saƙa." Kalmar nan da muke kiran Ibo da ita, wadda da yawansu ba sa so, an ce daga "ba ni ruwa" ta samo asali a harshensu. Na tuna haka a daidai lokacin, ga mai roƙon ruwa a daskare a allo, amma ban faɗa ba. Ban kuma faɗa mata cewa a Asaba, a wannan wata na Oktoban 1967, sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan fararen hula maza da samari ba. Har yanzu ina juya wannan shirun a raina. Ina ganin daren bai dace ba, amma na san irin wannan uzuri ne ya sa gidaje da yawa suka shekara hamsin ba su yi maganar ba.

Muka ci gaba har ƙarshe. Da Lincoln ya fito na yi mata bayanin ko wane ne, na ce kimanin mako shida kafin a kashe shi ya yi jawabi yana kiran mutanensa da kada su riƙe kowa da ƙulli, su ɗaure raunin ƙasa, su kula da matan mamata da marayu. Ta ce, "Irin ta Gawon ke nan." Tana nufin abin da Janar Yakubu Gowon ya shelanta da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. A rediyo ta ji, a gidan mijinta na biyu.

Da matar ta ruga ta bi mijinta, waƙar rufewa ta tashi, sai na ce da jikokin, don su fahimta, "Kun gani, a ƙarshe ta yafe."

Gwaggo ta ce, "A ina?"

Na ce ai ga shi ta ajiye bindiga ta bi hanya ɗaya da waɗanda take ƙi.

"Kai ka faɗi maganarta duka da bakinka. A ina ta ce ta yafe? Ta dai dangana. An ce mata ta mutu, me ya rage mata? Wanda ya mutu ai ba ya riƙe bindiga." Ta gyara zaman filonta. "Haƙuri daban, dangana daban, yafiya daban. Haƙuri kana yi ne abin na cin ka. Dangana ka sallama wa Allah don ba yadda za ka yi. Yafiya kuwa sai kana da ikon riƙewa ka saki, kuma sai ka san wanda kake sakar wa."

Ƙaramar jikar ta tambaye ta, "Hajiya, ke kin yafe?" Na so in hana yarinyar, Gwaggo ta ɗaga mini hannu. Ta ce ta yi haƙuri shekara biyu, ta dangana tun daga nan. Yafiya kuwa ba ta san wa za ta kai wa ba, domin ba ta san wanda ya harba ba, ba ta san ko yana raye ba, mai yiwuwa shi ma yaro ne aka ba shi bindiga, mai yiwuwa uwarsa ma ba ta ga gawarsa ba. Ta ce abin da take yi shi ne, duk azumi in ta yi wa mai kakin nan addu'a, takan ce Allah ya sanyaya zuciyar duk wadda ya sa kuka, in akwai. Ta faɗi haka idonta a bushe, muryarta kamar mai ba da labarin kasuwa.

Washegari na koma kan layukan wasan ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda Lavinia ta furta wani abu mai kama da yafiya. Ban samu ba. Ni ne na ɗora mata, saboda haka nake so labarin ya ƙare, kuma saboda haka nake so na Gwaggo ya ƙare. A wurare biyu ma na tarar na tausasa maganarta tun a rubuce, na sa mata "Allah ya isa" a inda ita cewa take za ta kashe da hannunta. "Allah ya isa" ta mai miƙa ƙara sama ce, matar nan kuwa ba ta miƙa wa kowa ba, ta riƙe abinta. Na mayar da layukan yadda suke, da kaifinsu.

Da aka koma makaranta na nuna wa 'yan aji shida wasan da gyararren rubutun. Kafin in kunna na ɗauki minti goma ina gaya musu maganar bayi miliyan 4 da wasan bai yi ba, bayan ya ƙare kuma na rubuta kalmomin Gwaggo uku a allo, na ce kowa ya zaɓi wadda ta dace da matar ya kare zaɓinsa da Turanci. Mafi yawansu dangana suka zaɓa. Wata yarinya da danginta suka baro Gwoza a 2014 ta miƙo takardarta babu ko ɗaya daga cikin ukun, ta rubuta cewa matar ba ta kai ko'ina ba tukuna, tana kan hanya. Na ba ta cikakken maki.

Gwaggo ta aiko jikanta bayan sati biyu, wai in zo da "wasan mai dokin nan". Wannan karon ta ce kada in fassara komai, ta riga ta san abin da suke cewa. Na kai hoton daidai inda mahayin ya tsaya a bakin gida, ta ce in bar shi a nan, ta aiki yarinyar ta kawo mini ruwa a kofin silba.